Kafin ku sayi kiriteriyom, ku duba cikinsa da lambarsa

Yau muna magana a kan ƙaramin abu mai cinye kuɗi a hankali: fensirin nan da ake latsawa, wanda ƴan lakkwal ke ce wa kiriteriyom. Asalin kalmar sunan wani samfuri ne na Faransa, Critérium, har ya zama sunan kowane irinsa. Ɗalibai, teloli, kafintoci da sakatarorin ƙungiyoyin manoma duk suna aiki da shi. Sai dai sau nawa muka saya ranar kasuwa, kafin wata kasuwar ta zagayo ya mutu?

Yawanci ba daga waje yake lalacewa ba. A cikin bakinsa akwai ɗan maƙali mai haƙora da ke riƙe tsinken rubutu, wanda muke kira min. Duk latsawa ɗaya, sai ya tura tsinken gaba kaɗan, ya sake damƙe shi. Idan maƙalin na roba ne, yakan cinye da wuri, sai ka fara rubutu tsinken ya koma ciki. Na ƙarfe ruwan tagulla ya fi jure aiki. Saboda haka ku roƙi mai shago ya bari ku warware bakin ku gani. Sannan ku latsa sau biyu, ku danna tsinken a kan takarda. In ya zame, ku ajiye masa abinsa, komai kyawun launi.

Abu na biyu lamba ce, wadda ke nuna kaurin tsinken da milimita. 0.5 siriri ne, yana kyau ga ƙananan rubutu, amma mai nauyin hannu zai yi ta karya shi. 0.7 ya fi dacewa da aikin yau da kullum. 0.9 ya fi ƙarfi. Shi kuwa kafinta ko magini mai zane a kan katako, na milimita 2 ne nasa. Haruffan da ke kan kwalin kuma taushi suke nufi: HB matsakaici ne, 2B ya fi baƙi amma yana saurin ƙarewa, H ya fi tauri kuma rubutunsa bai fita sosai.

A nan muke jan hankalin ƴan uwa da ke Abijan, Kwatano, Aljeriya ko Faransa. Kafin ku aiko wa yara tsaraba lokacin komawa lakkwal, ku tambaya wace lamba ake samu a kasuwar da ke kusa da su. Abin da ake samu a babbar kasuwar Maradi ko kasuwar Dole ta Damagaram ba lalle ne ya kai ƙauye ba. Fensiri mai tsada wanda babu tsinkensa, ado ne kawai. Ku haɗo da kwalin tsinke. Cikin waɗanda aka sani da ƙarko akwai Pentel P207, mai launin shuɗi, lamba 0.7, da ɗan uwansa P209, ruwan ɗorawa, lamba 0.9.

Sauran aikin na hannunmu ne. Kada a zuba tsinke ya wuce biyu ko uku. Kada a gauraya lambobi: 0.7 cikin na 0.5 toshe shi yake yi, 0.5 cikin na 0.7 kuwa zubewa yake. In an gama, a latsa a mayar da tsinken ciki, a sa shi a jaka, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. In ya toshe, kada a jefar: a cire bakin, a riƙe latsawar, a zura siririyar waya ta gaba, guntun zai fito.

Gargaɗi na ƙarshe: abin da fensiri ya rubuta, ana iya gogewa. Ku yi awo da lissafin wucin gadi da shi, amma littafin bashi, kuɗin asusu da takardar cinikin gona, bik za ku ɗauko. Zumunci da yawa ya ɓaci a kan lamba ɗaya da aka goge.