Abin da Ya Sa Jirgin Ruwa Ba Ya Jiran Wanda Ya Makara

Tun daga ƙarshen watan Maris na shekarar 2024, sa'ad da labari ya bazu cewa wani jirgin ruwa na masu yawon shaƙatawa mai suna Norwegian Dawn ya ɗaga anga daga tsibirin Sao Tome ya bar mutum takwas daga cikin fasinjojinsa a tudu, har ya zama sai da suka yi ta binsa ƙasa bayan ƙasa, suka tarye shi a Banjul bai samu tsayawa ba, kana suka cim masa a Dakar bayan kwanaki, gardama ba ta kwanta ba a kan wannan mas'ala. Duk ranar da wani sabon bidiyo ya faɗo cikin wayoyin jama'a, aka ga mutum yana sheƙa gudu a bakin tasha da jaka a kafaɗa, jirgi kuwa ya riga ya rabu da gaɓa da kamu biyu ko uku, sai hukunci ya fito nan take daga bakin masu kallo: kyaftin ba shi da imani, kamfani ya ci kuɗin bayin Allah, minti goma kacal me zai rage musu? Ni kuwa a ganina wannan hukunci, duk da tausayin da ke cikinsa, an gina shi ne a kan ƙiyasi ɓatacce.

Asalin ƙiyasin kuwa tashar mota ce. A can, lokacin tashi magana ce ta fatar baki. Mota tana tashi ne idan ta cika, ɗan kamasho yana ta kiran "saura mutum ɗaya" alhali saura huɗu, kuma ko direba ya tayar da inji, in aka ce masa Alhaji ya zaga ya yi alwala, ko Hajiya tana can tana cinikin gurasa, zai kashe ya jira, sauran fasinjoji su yi tsaki su haƙura. Wanda ya tashi cikin wannan al'ada, in ya ga an rubuta ƙarfe biyar na yamma a tikitinsa, zuciyarsa takan raya masa cewa in ya iso biyar saura kwata ya yi ƙoƙari. Alhali wancan ƙarfe biyar ɗin lokacin kwance igiya ne, ƙofar shiga kuwa an daɗe da rufe ta.

Mu ɗauki tashar Mayami ta Amurka, wadda take cikin mafi girman tashoshin irin waɗannan jirage a duniya. Daga nan ne jirgin Icon of the Seas ya fara jigila a watan Janairu na 2024. Tsawonsa ya kai mita 365, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600, ban da ma'aikata sama da 2,300. Irin wannan jirgi yakan iso da asuba ɗauke da mutanen makon jiya, ya tashi da la'asar ɗauke da na wannan mako, kuma a tsakanin waɗannan sa'o'i ƙalilan wajibi ne a sauke jama'ar gari guda da komatsansu, a share dubban ɗakuna a canza shimfiɗa, a kwashe shara, a loda abinci da ruwa da makamashi na mako guda, sa'an nan a shigo da wata jama'ar a tantance ta mutum-mutum. Saboda haka ne kamfanoni suke umartar fasinja ya yi rajista ta intanet tun ana sauran kwanaki, ya shigar da lambar fasfonsa da hotonsa, ya zaɓi sa'ar da zai iso tasha. Domin in dubu bakwai suka taru a ƙofa ɗaya da hantsi, babu zauren da zai ɗauke su.

Ranar tafiya, abin da mutum zai fara tararwa a bakin zauren shi ne 'yan dako, waɗanda za su karɓi manyan akwatuna, kowanne da takardar da ke ɗauke da lambar ɗaki a ɗaure a marikinsa, su jibga su cikin kekunan ƙarfe. Mai akwati ba zai sake ganin kayansa ba sai da maraice, a ƙofar ɗakinsa. A nan ne gafala takan yi wa mutane illa, don akwai wanda zai cusa fasfonsa da maganin hawan jininsa cikin babban akwati, ya miƙa wa ɗan dako, ya shiga layi hankali kwance, sai ya isa gaban ma'aikaciya ta ce masa ya kawo takardunsa, ya shafa aljihu ya ji wayam, akwatin kuwa ya riga ya nutse cikin dubban 'yan'uwansa a cikin jirgi. Daga nan sai na'urar bincike, irin ta filin jirgin sama, sai teburin tantancewa, inda za a gwada fuska da fasfo, kuma a ƙarshe mutum ya mallaki wani ɗan kati, ko a hannun ma'aikaci ko a ƙofar ɗakinsa, wanda shi ne makullinsa, shi ne jakar kuɗinsa, shi ne kuma shaidarsa a duk shiga da fita.

Binciken kaya yana da sababi biyu. Na farko tsaro, wanda aka fara ɗauka da gaske bayan 'yan bindiga sun ƙwace jirgin Achille Lauro a gaɓar Masar a 1985, aka kuma tsananta shi da ƙa'idar tsaron jirage da tashoshi da ta fara aiki ran 1 ga Yuli 2004. Na biyu, wanda ya fi shafar irinmu, shi ne gobara, domin duk da ruwa ya kewaye jirgi ta kowace fuska, babu abin da ma'abota teku suke tsoro kamar wuta. Don haka akan karɓe dutsen guga, da kyandir, da butar lantarki, da duk abin da ke yin zafi ko harshen wuta; uwargidan da ta ɗauko kaskonta da garwashinta da kwalbar turaren wuta don ta ƙamsasa ɗaki, lalle za ta bar kaskon da garwashin a tasha, kuma ba don an raina ta ba.

Mas'alar takardu ita ce ta fi kayar da masu fasfo irin namu. Jirgi ɗaya yakan ratsa ƙasashe huɗu ko biyar a mako, kuma galibi sharaɗi ne mutum ya mallaki bizar kowacce tun kafin ya hau, ko da ya rantse cewa ba zai taka ƙasarsu ba, zai zauna a ɗakinsa ne. Hujjar ita ce, da zarar jirgi ya shiga tashar wata ƙasa, duk wanda ke cikinsa ya shiga ƙarƙashin hukuncin jami'an shige da ficenta. Akan so fasfo ya kasance da sauran wata shida, akan nemi katin rigakafin shawara daga wanda ya fito daga ƙasashenmu in hanyar ta bi ta inda ake bukatarsa, mafi yawan kamfanoni ba sa ɗaukar mace mai cikin da ya shiga mako 24, ko jaririn da bai kai wata shida ba, kuma akan tambayi kowa ko yana fama da zazzaɓi, ko amai da zawo. Wanda ya tuna jirgin Diamond Princess, da aka tsare a Yokohama ta Japan a watan Fabrairu na 2020 da mutum sama da 3,700 a ciki, fiye da 700 suka kamu da korona, ba zai ce tambayar shisshigi ce ba. Kakanninmu ma da suka tafi Makka a ƙasa, sai da suka sha zaman killacewa da allura a Sawakin kafin a bar su su ƙetare Bahar Maliya. Abin takaici kawai shi ne wasu dillalan tafiye-tafiye sukan karɓi kuɗin mutum su miƙa masa tikiti ba tare da sun yi masa bayanin ko ɗaya daga waɗannan sharuɗɗa ba, sai a gaban tebur ya ji su, inda magiya ba ta da amfani, kuɗin kuma da wuya ya dawo. Tun da jiragen shaƙatawa suka soma tashi daga Jidda a 2021, wannan ya daina zama labarin mutanen nesa.

Amma duk waɗannan reshe ne. Tushen al'amarin ƙidayar rayuka ne. Yarjejeniyar duniya ta kiyaye rayuka a teku, wadda aka fara ƙullawa a 1914 bayan nutsewar Titanic, wadda kuma ake aiki da sigarta ta 1974 a ƙarƙashin hukumar kula da sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Landan, ta wajabta a ƙidaya duk wanda ke cikin jirgin fasinja kafin ya tashi, a rubuta sunansa, namiji ne ko mace, babba ne ko yaro ko jariri, da wanda zai bukaci a ɗauke shi in musiba ta auku, a kuma ajiye kwafin daftarin a tudu domin masu ceto. Amurka ta ƙara da nata sharaɗin, cewa a aika wa jami'anta cikakken jerin sunayen ana sauran sa'a guda jirgi ya tashi. Shi ya sa ƙofa takan rufu tun ana sauran sa'a ɗaya da rabi ko makamancin haka, kuma shi ya sa mutum zai iso ya ga jirgi a ɗaure ƙiri-ƙiri, gadar shiga ma ba a janye ta ba, amma a ce masa ya makara. Daftarin ya riga ya tafi, ba kuwa ma'aikacin da ke ƙofa ne yake da ikon buɗe shi ba.

Wanda yake son ya san darajar wannan daftari, ya dubi inda babu shi. Jirgin Joola na Senegal, da ya kife a gaɓar Gambiya ran 26 ga Satumba 2002 a kan hanyarsa daga Ziginshor zuwa Dakar, adadin da aka ƙayyade masa bai kai mutum 600 ba. Gwamnati ta ce 1,863 suka rasu, iyalan mamatan suka ce sun fi haka, domin da yawa sun hau ba tikiti, ba suna a ko'ina. Mu ma a kogin Kwara, daga hatsarin Warra ta jihar Kebbi a 2021 zuwa na Patigi a 2023, kowane karo sai a ji hakimi ya faɗi adadi, hukumar agaji ta faɗi wani, masu kwale-kwale su faɗi na uku, jami'ai su zo ta'aziyya da alkawarin rigunan ceto, alhali littafi da alƙalami a bakin mashaya ba su kai kuɗin man motocin da suka kawo su ba.

Saura tambayar minti goma. Jirgi irin wannan ba ya fita shi kaɗai: akwai jagoran mashiga, ma'aikacin tasha wanda ya san kowane lungu na hanyar ruwan, da aka tsayar masa da sa'a, akwai masu kwance igiya, akwai wani jirgin da ke jiran gurbin, a wasu tashoshi akwai cikar teku da janyewarta, waɗanda ba sa karɓar uzuri, akwai kuma tashar gobe, wadda in an makara a nan sai an ƙona mai da yawa kafin a riske ta. Kyaftin yakan ɗan jinkirta in ya ga hali, kuma galibi yakan jira waɗanda suka fita yawo a motocin da kamfanin da kansa ya shirya, tun da amanarsu tana wuyansa. Wanda ya yi gaban kansa kuwa, alhakin dawowa a kan lokaci nasa ne. Da yake kowa sai ya nuna katinsa ga na'ura in zai sauka da in zai hau, ana sanin sunan wanda bai dawo ba, a kira shi ta lasifika, in shiru a nemo fasfonsa a damƙa wa wakilin kamfani da ke tashar, kamar yadda aka yi wa fasinjojin da aka bari a Sao Tome. Sau da yawa ma abin da ke yaudarar mutane wayarsu ce, wadda takan koma agogon garin da aka sauka, alhali wani jirgin yana nan a kan nasa agogon.

Abu na ƙarshe kafin a kwance igiya shi ne atisayen ceto, wanda fasinjoji suka fi ƙosawa da shi, domin yakan zo daidai lokacin da mutum ya samu wuri ya zauna gaban abinci. A da, doka ta yi rangwamen a yi shi cikin sa'a 24 bayan shiga. Ran 13 ga Janairu 2012 jirgin Costa Concordia ya tashi daga tashar Cibitabekiya ta Italiya da mutum fiye da 4,200, ya bugi dutse a daren kusa da tsibirin Jiliyo, mutum 32 suka rasu, ɗaruruwan da suka hau a ranar kuwa ba a riga an nuna musu inda za su taru ba, don an bar nasu atisayen sai washegari. Kyaftin ɗin, Francesco Schettino, an yanke masa ɗaurin shekara 16, dokar kuma aka gyara ta: daga 1 ga Janairu 2015 wajibi ne a yi atisayen kafin tashi ko nan take bayansa. A nan ake koya wa mutum yadda ake ɗaura rigar ceto, da alamar tashin hankali, wato busa gajeru bakwai da doguwa ɗaya, da wurin taruwarsa, wanda lambarsa ke rubuce a katinsa da bayan ƙofar ɗakinsa. Tun bayan korona, kamfanoni da dama sun sauƙaƙa, mutum ya kalli bayanin a wayarsa ko talabijin ɗin ɗaki, amma dole ya taka da ƙafarsa zuwa wurin taruwar a shaida katinsa. Wanda bai je ba akan yi ta kiran sunansa, a aika ma'aikata su ƙwanƙwasa masa ƙofa, in kuwa ya kafe a kan ƙi, kyaftin yana da ikon ya sa a sauke shi da kayansa tun jirgi bai bar tasha ba.