Kumburin Jijiyoyin Jini na Cikin Ido

A can bayan ƙwayar idonka akwai wani tantani marar kauri. Shi ne yake ɗaukar hoton duk abin da kake gani. Ƙananan jijiyoyin jini ne suke ciyar da shi. Idan suka kumbura, sai su riƙa yoyo ko su toshe, gani ya fara raguwa.

Yaya za ka gane shi?

Sau da yawa idon ba ya ciwo, ba ya ja. Shi ya sa mutane suke jinkiri. Amma za ka ga baƙaƙen ɗige-ɗige suna yawo a gabanka kamar ƙudaje ko yanar gizo. Wani yana ganin hazo. Wani kuma ganinsa yakan ɗauke farat ɗaya, idan jini ya zuba a cikin idon. Idan ka ga haka, kada ka jira a gama aikin gona. Zo asibiti.

Me za a yi maka?

Likitan ido zai ɗiga maka magani don tsakiyar idon ta buɗe. Bayan kamar minti 30 sai ya haska fitila ya duba ciki. Ganinka zai yi dishi-dishi na ƴan awoyi, saboda haka ka zo da ɗan rakiya.

Za a gwada jininka, a ɗauki hoton ƙirji, wataƙila a karɓi majina. Kada ka yi mamaki. Tushen ciwon yakan kasance a wani wuri a jiki: tarin fuka, tunjere, ko sida. Wani lokaci kuma jiki ne yake yaƙi da kansa.

Magani

Ana bin tushen ciwon ne. In tarin fuka ne, za ka sha ƙwayoyi aƙalla wata 6, ba fashi. In tunjere ne, allurar penisilin ce, kuma a duba matarka ko mijinki. Akwai kuma ƙwayoyin rage kumburi. Kada ka daina shansu sai likita ya rage maka a hankali.

Kada ka sayi maganin ɗigawa a kasuwa. Kada a zuba maka ruwan ganye. Wannan ciwo ba yana ba ne, kada ka yarda a soki idonka.

Ganin da ya riga ya tafi ba lallai ya dawo ba, amma ana iya ceton wanda ya rage. Idan ɗan'uwa a gida ko a ikilisiya yana kukan ganin ƙudaje, ka rako shi. Allah ya ba mu lafiya.