Kumfa a Bakin Tukunya: Me Ya Kamata a Zuba Domin Kwantar da Ita?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da murhun masu dafa fito a unguwannin Bolga, ko kusa da tukunyar masu yin awara a zangunanmu na Bawku da Yendi da Salaga, ya san abin da kan faru idan wuta ta yi yawa. Kumfa takan taso farat ɗaya ta tumbatsa, ta kashe wuta, wani lokaci ta ƙona ƙafar mai aiki ko ta yaron da ke wasa a gefe. Mafi yawanmu Hausawa Musulmi ne, ba mu shan fito. Amma da yawa daga cikinmu fataken dawa ne da ke sayar wa masu dafa shi a ranar kasuwar Bolga mai ci bayan kowane kwana 3, kuma kumfar da ke damun maƙwabtanmu Farafara da Kusasi ita ce ke damun matanmu masu dafa madarar waken suya da wake. Saboda haka darasin ya shafe mu duka.

Da farko, mece ce kumfa? Iska ce da ta maƙale cikin siririn ruwa. Ruwa zalla ba ya riƙe kumfa, da ta taso sai ta fashe. Amma idan akwai furotin a cikinsa, watau sinadarin gina jiki da ke cikin hatsi da wake, sai ya zama kamar fata a jikin kowace ƙwayar iska, ya hana ta fashewa. A waken suya kuma akwai ƙarin wani sinadari mai suna safonin, wanda ke kumfa kamar sabulu.

A aikin fito sau biyu kumfa ke tasowa. Akan jiƙa dawa ta tsira, a shanya, a niƙa, a dama da ruwa. Masu aikin kan zuba yauƙin ɓawon karan kuɓewa domin gari ya kwanta, ruwa ya tsaya a sama. Wannan aikin tacewa ne, ba ya hana kumfa. Kumfa ta farko tana zuwa lokacin dahuwa, sa'ad da furotin ya fara dunƙulewa saboda zafi. Ta biyu kuwa tana zuwa bayan an huce an zuba yis, domin yis yana cin zaƙin da ke ciki yana fitar da iskar kabon. Wannan iska ce ke kumbura galan ruwan ɗorawa da ake kira galan Kufuor, har ta fasa shi idan an ɗaure murfin tam.

Hanya ta farko ta maganin kumfa ba ta buƙatar sayen kome. A bar wa tukunya sarari, kada abin da ke ciki ya wuce kashi 2 cikin 3. Da an ga kumfa ta fara hawa, a janye itace ɗaya ko biyu, a riƙa ɗebowa da ƙwarya ana shekawa daga sama, ko a yayyafa ruwan sanyi mai tsabta. Kada a rufe tukunya da murfi a wannan lokaci. Wanda ya so yana iya kwashe kumfar da ludayi. Bayan 'yan mintoci furotin zai gama dunƙulewa, tukunya ta ci gaba da tafasa lami lafiya.

Hanya ta biyu ita ce mai. Ɗigon mai yana bazuwa a kan fatar kumfa ya tsinka ta, shi ya sa masu awara kan zuba ɗan man gyaɗa, ko man kaɗe, ko manja. Ƙaramin cokali ɗaya yakan yi aiki a babbar tukunya. Masu fito ba su cika son wannan dabara ba, domin man da ya kashe kumfa a kan wuta zai kashe ta a cikin ƙwaryar mai saye, su kuwa mashaya da kumfar suke gane cewa fiton yana da rai. Ko ƙwaryar da ba a wanke maiƙonta sosai ba tana iya jawo haka.

To, a nan ne haɗarin yake. Kowane irin mai yana kashe kumfa, har da wanda ke kashe mutum. Kananzir da baƙin mai da man birki duk za su kwantar da tukunya nan take, amma guba ne, kuma tafasa ba ta raba su da abinci. Haka nan gangar da aka taɓa zuba maganin feshin gona ko man inji a ciki bai kamata ta kusanci abin da za a ci ko a sha ba, kome yawan wankin da aka yi mata. Ko man ci ma sai an san asalinsa. A shekarar 2015 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Gana ta gano manja a kasuwannin Accra da aka ƙara masa ja da rinin masana'anta mai suna Sudan IV, wanda ba a yarda a sa shi cikin abinci ba.

Hanya ta uku ta masana'antu ce. Manyan kamfanonin giya, da masu dafa giya a gida a Amurka da Ingila, suna amfani da wani ruwan silikon da aka tace musamman domin abinci. Ɗaya daga cikin sanannun sunayensa a kasuwa shi ne Fermcap S. A jikin kwalin abinci lambarsa E900, kuma danginsa ne simetikon da ake bayarwa domin kumburin ciki. Dokar Amurka ba ta yarda ya wuce kashi 10 cikin miliyan a abincin da ya kai bakin mai ci ba. Bari mu yi lissafin kamar a aji: a gangar lita 200, gram 2 ke nan, bai kai rabin ƙaramin cokali ba, a galan mai lita 20 kuwa, 'yan ɗigo ne kawai. Bugu da ƙari, kamfanoni suna tace giyarsu kafin su ɗura ta a kwalba, abin da ya rage na silikon ya tafi tare da yis. Fito kuwa da yis ɗinsa ake shan sa, madarar waken suya ma ba ta bi ta irin wannan mataci. Don haka mai aiki a gida wanda ba shi da ma'auni, gara ya tsaya ga wuta da ludayi. Silikon ɗin da kanikawa ke fesawa da wanda masu gilashi ke liƙe taga da shi kuwa, suna kawai ya haɗa su da na abinci.

Akwai wata yaudara ta kumfa da muke roƙon iyayenmu mata masu awara su kula da ita. Madarar waken suya takan yi kumfa ta taso tun zafinta yana wajen digiri 80, alhali ruwa sai ya kai 100 yake tafasa. Mai sauri sai ta ɗauka ta dahu, ta sauke. A ɗanyen waken suya akwai sinadaran da ke hana jiki narkar da furotin, suna sa tashin zuciya da ciwon ciki da zawo, kuma zafi ne ke kashe su. Idan kumfa ta kwanta, a bar madarar ta ci gaba da tafasa a kan wuta matsakaiciya kamar minti 10 kafin a zuba ruwan tsami. Sauri ya haifi nawa, in ji masu iya magana, kuma yaran makarantunmu ne suka fi sayen awara a lokacin tara.

Wanda aka tallata masa wani ruwa ko gari a kasuwa da sunan maganin kumfa, ya duba ko akwai sunan kamfani, da ranar lalacewa, da lambar rajistar hukuma. Wannan hukuma, wadda Dokar Lafiyar Jama'a mai lamba 851 ta shekarar 2012 ta ƙara wa ƙarfi, tana da ofishi a nan Bolga, kuma tambaya ba ta zama laifi. Ma'aunin da muke bai wa mai karatu mai sauƙi ne: abin da ba za ka iya ɗiba a cokali ka ba ɗanka ya lasa ba, kada ka zuba shi a tukunyar da jama'a za su ci. Allah ya tsare mu da abin da ke shiga cikinmu, amin.