Ke Kina da Biza, Goyonki Fa?

Uwargida, idan za ki Ingila hutu da yaron da ke riƙe da fasfon Amurka, bizarki ba ta haɗa da shi ba. Tun 8 ga Janairun 2025, mai wannan fasfo sai ya samu izinin shiga ta intanet, wato ETA, ko da jinjiri ne. In babu, ana iya hana shi hawa jirgi.

A manhajar UK ETA ake nema: hoton fasfo, hoton yaro, sai biya da kati. Amsa takan zo cikin kwana uku na aiki, kar ki bari sai daren tafiya. Izinin na shekara biyu ne, amma da an sabunta fasfon yaro, sai an sake nema.