Karen Farauta a Manga: Shi Ke Gaba a Daji, Shi Ke Baya Wajen Allura

Da zarar an ɗaure dammunan dawa, hunturu ya busar da ciyawa, sai hankalin samarin Manga ya koma daji. Tun da duku-duku ake jin fito da haushi a bayan gari. Wannan da kulki a kafaɗa, wancan da adda, ƙananan yara da danƙo a wuya, karnuka kuwa tuni sun yi gaba, hanci a ƙasa.

Manga na cikin mazaɓar Manga/Ushe ta ƙaramar hukumar Zuru a jihar Kebbi, ƙasar Lelna waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari. Ƙasa ce ta duwatsu da kwazazzabai, kuma abin da ake nema a cikinta ƙananan namu ne: zomo, gafiya, kurege, gyazbi a bakin rafi, sai makwarwa da zabin daji. Babu ɗaya daga cikinsu da mutum zai cim masa da ƙafarsa, shi ya sa duk wanda ya fito babu kare ɗan rakiya ne.

Sirrin a hanci yake. Masana sun ƙiyasta cewa ƙwayoyin sansana da ke hancin wasu karnuka sun kai miliyan 300, na ɗan Adam kuwa ba su wuce miliyan shida ba. Inda maharbi ke ganin busasshen haki kawai, kare ya san gafiya ta bi wurin cikin dare, ya kuma san ramin da ta shiga. Sai ya tsaya yana tono yana gurnani, samari su kewaye ɗaya ƙofar da sanduna, domin gafiya ba ta gina gida mai ƙofa ɗaya.

Wajen tsuntsu aikin ya fi daɗin kallo. Makwarwa laɓewa take yi ta yi lamo har a kusa taka ta. Kare ne ke tayar da ita, ta tashi firr da ƙarar fiffike, kuma a cikin wannan ƙiftawar ido ake gane wanda ya iya jifa da kulki. Zabon daji shi gudu ya fi so, sai an matsa masa yake hawa bishiya.  

To, me ake saka wa karen da shi? Kayan ciki da ƙashi, in an yi sa'a. Ruwa ma ba kowa ke tuna masa ba, alhali kare ba ya gumi irin na mutum. Da haki da zaro harshe yake fitar da zafi, kuma ranar Maris da Afrilu kan kayar da shi nan take. Ga kaska cike da kunne, ga ƙaya a dagi, ga toka mai zafi idan an cinna wa daji wuta, ɗabi'ar da kan ci gonar wani saboda zomo ɗaya.

Babbar matsalar ita ce ciwon haukan kare. Karen da ke shiga daji yana haɗuwa da dila da karnukan wasu garuruwa, a yi cije-cije, da yamma ya dawo ya kwanta inda yara ke wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar na kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya. Kusan duka daga kare ake ɗauka, kuma huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar a miyau take, tana bin jijiya a hankali har ƙwaƙwalwa. Sau da yawa sai bayan wata biyu ko uku alamu ke fitowa, an ma manta da cizon. Da mutum ya fara tsoron ruwa, da wuya a cece shi.

Abin takaici, rigakafin ba sabo ba ne. Tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro allurar a Faransa, ya rayu, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana yin ta karnuka. Idan aka yi wa bakwai cikin kowane kare goma na gari allurar, cutar kan rasa hanyar yaɗuwa. Ana farawa kwikwiyo na da wata uku, a maimaita kowace shekara.

Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada ya tsaya shafa toka ko ɗaura ganye. Maharban Manga kuwa, kafin kakar bana ta kama, kowa ya ja karensa zuwa wurin malamin dabbobi a Zuru.