Ku Duba Tsayuwar Baba da Inna Kafin Su Faɗi

Jama'ar Mai Wurno, Sinnar, Sinja da ƙauyukan Jazira: idan tsohonku ya fara dafa bango kafin ya tsallake bakin ƙofa, kada ku ce tsufa ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe mutum wajen 684,000 duk shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne abin ya fi shafa.

Abu huɗu ke riƙe mutum a tsaye: ido, cikin kunne, jin ƙasa a tafin ƙafa, da ƙarfin cinya. Yanar ido tana rage na farko, ciwon sukari yana kashe na uku, yawan zama kuma yana cinye na huɗu.

Mata sun fi maza yawan faɗuwa, sun kuma fi karyewa. Bayan al'ada ta ɗauke, ƙashin mace yana rage ƙwari cikin sauri. Kusan mace ɗaya cikin uku da suka wuce shekara 50 za ta samu karaya saboda haka, a maza kuwa ɗaya cikin biyar. Inna ba a hanya take faɗuwa ba. A gida ne: a banɗaki mai santsi, a kan tabarmar da ta naɗe, ko ta taka gefen zaninta tana ɗauke da buta. Karayar kwatangwalo ita ce abin tsoro, domin takan kwantar da mace watanni, ga shi tun yaƙin 2023 kaiwa asibiti ya yi wuya. Wannan karaya ta fi ƙarfin mai ɗori.

Maza ba su cika faɗuwa kamar mata ba, amma tasu ta fi kisa. Baba yana hawa amalanken jaki, yana tsallake magudanar ruwan gona a kan baƙar laka ta damina, yana fita fitsarin dare babu fitila. In ya faɗi ma ba ya faɗa wa kowa, kun dai san halinsu.

Ku gwada su yau. Ya tsaya kusa da bango, ƙafa ɗaya a gaban ɗaya, diddige na taɓa yatsu, wani yana gefensa. Wanda bai kai daƙiƙa 10 ba yana cikin haɗari. Kullum ya tashi daga kujera ya zauna sau 10 ba tare da dafawa ba, gwargwadon ikonsa. In ya farka, ya ɗan zauna a bakin gado kafin ya miƙe, musamman mai shan maganin hawan jini.

Wanda ya faɗi ya kasa taka ƙafa, ko ya bugi kai ya fara amai ko ruɗewa, kada ku tayar da shi tsaye. Ku ɗora shi a kan gado ko katako, ku kai shi asibiti a ranar.