Yadda ake zaɓen wuƙar da ta dace da aikin nama

A duk lokacin da Babbar Sallah ta ƙarato, cinikin wuƙaƙe kan bunƙasa a kasuwannin Nijeriya, daga rumfunan maƙera har zuwa kantunan kayan girki. Masu saye da dama kan duba ƙyalli da farashi kawai su biya. Sai ranar layya, ana tsakiyar aiki, wuƙa ta dakushe, ko bakinta ya karye a kan ƙashi, ko mariƙinta ya kwance a hannu. Abin da kan biyo baya shi ne asarar kuɗi, da lalacewar nama da fata, wani lokaci har da rauni a yatsa.

Zaɓen wuƙa mai kyau ya rataya ne a kan abubuwa uku: aikin da za a yi da ita, irin ƙarfen da aka ƙera ta da shi, da kuma yadda take zama a hannu.

Kowane aiki da wuƙarsa

Duk wanda ya tsaya a mahauta zai lura cewa mahauci ba ya aiki da wuƙa guda. Wuƙar yanka doguwa ce mai miƙaƙƙen baki, domin ta gama aikinta da ja ɗaya ko biyu. Addinin Musulunci ya yi umarni da a wasa wuƙa sosai kafin yanka don kada a wahalar da dabba, saboda haka ba a haɗa wannan wuƙa da wani aiki da zai ci kaifinta.

Wuƙar fiɗa kuwa gajeriya ce, bakinta a lanƙwashe, kuma ba ta da tsini sosai. Siffar tata ce ke ba ta damar bi tsakanin fata da tsoka ba tare da huda ba. Wannan yana da muhimmanci ga aljihu, domin fatar da wuƙa ta huhhuda darajarta kan faɗi a wurin majema, ko da kuwa ta jar akuyar Sakkwato ce, wadda ta yi suna a kasuwar fata ta duniya.

Sai wuƙar cire ƙashi, siririya mai tsini, mai tsawon santimita 12 zuwa 15, wadda ke kewaya gaɓoɓi ta raba tsoka da ƙashi da jijiya. Akwai kuma babbar wuƙar girki, mai faɗi wajen gindi, wadda tsawon bakinta kan kai santimita 20. Ita ce ke yanka tsoka gunduwa-gunduwa, ta kuma yi aikin albasa da attaruhu. Datsa ƙashi aikin adda ne ko ƙaramin gatari, masu kauri da nauyi. Masu kilishi da tsire su ma suna da tasu, doguwa mai siririn baki, wadda ke fitar da nama fale-fale.

Gida ba ya buƙatar duk waɗannan. Babbar wuƙar girki, da siririyar wuƙar cire ƙashi, da adda guda sun isa aikin naman yau da kullum. Kuɗin da za a kashe a kan jerin wuƙaƙe goma marasa ƙwari, gara a zuba shi a kan uku masu inganci, domin araha ba ta ado.

Irin ƙarfe

Wuƙaƙen da ke kasuwa sun kasu gida biyu. Na farko su ne na baƙin ƙarfe, irin waɗanda maƙeran gargajiya ke ƙerawa, sau da yawa daga tsohon sifirin ɗin mota. Wannan ƙarfe yana ɗaukar kaifi sosai, yana da sauƙin wasawa a kan dutse, shi ya sa mahauta da yawa suka fi son sa. Aibinsa shi ne tsatsa. Idan aka bar shi da danshi, ko da jini, ko ruwan tumatir da lemun tsami, nan da nan zai canja launi.

Na biyu su ne na ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda Harry Brearley ya samar a birnin Sheffield na Ingila a shekarar 1913. Sirrinsa shi ne sinadarin kuromiyam, wanda ke kaiwa aƙalla kashi 10.5 cikin 100 na ƙarfen, kuma shi ke kare shi daga tsatsa. Sai dai rashin tsatsa ba ya nufin riƙe kaifi. Yawancin wuƙaƙe masu araha da ke ƙyalli an yanko su ne daga siririn falle mai taushi, suna kaifi a ranar farko, su mutu cikin mako.

Masana'antu na auna taurin ƙarfe da ma'aunin Rockwell, kuma wasu kan rubuta lambar a jikin kwali. Wuƙaƙen Jamus, irin na birnin Solingen, galibi suna tsakanin 56 da 58. Na Japan, irin na birnin Seki, sukan kai 60 ko fiye. Ƙarfe mai tauri ya fi daɗewa da kaifi, amma ya fi saurin ɓantarewa idan ya ci karo da ƙashi. Ga gidan da ake sarrafa naman rago da kaji da ƙashinsu, mai matsakaicin tauri ya fi jure wahala.

Abin dubawa kafin a biya

Mariƙi shi ne wurin da wuƙa ta fi saurin mutuwa. A wuƙa mai inganci, ƙarfen kan zarce har ƙarshen mariƙin, an kuma ɗaure shi da ƙusoshi biyu ko uku. Wadda aka cusa ɗan guntun ƙarfe cikin roba ko icce ba ta daɗewa take fara girgiɗi. Ya kamata kuma mariƙin ya kasance ba mai santsi ba, domin aikin nama aiki ne na kitse da ruwa. Idan akwai tsaga tsakanin icce da ƙarfe, nan jini zai riƙa maƙalewa, wanki ba ya isa wurin.

Mai saye zai iya ɗaga wuƙar ya dubi tsawonta daga gindi zuwa tsini, ya tabbatar ba ta karkace ba. Zai iya ɗan danna ta a kan katako: babbar wuƙar girki da ke lanƙwashewa da sauƙi ta yi siranta da yawa. Idan ta rinjayi hannu gaba ko baya, za ta gajiyar da wuyan hannu. Gwajin kaifi kuwa da takarda ko tumatir ake yi, ba da yatsa ba. Wuƙa mai kaifi kan ratsa su ba tare da an danna ba.

Kaifi da tsafta

Dakusasshiyar wuƙa ta fi mai kaifi haɗari, domin sai an sa mata ƙarfi, kuma a nan ne take zamewa ta sami hannu. Tana kuma yayyaga nama maimakon ta yanka shi. Ana wasa wuƙar girki a kan jiƙaƙƙen dutse, a ɗan kwantar da bakinta kimanin digiri 15 zuwa 20 a kowane gefe. Injin wasa wuƙa yana da sauri, amma yana cin ƙarfe, kuma idan bakin ya yi zafi har ya canja launi, taurinsa ya tafi ke nan. Sandar ƙarfen da mahauta ke goga wuƙa a kai, aikinta miƙar da bakin da ya ɗan kwanta ne, ba ta maye gurbin dutse.

Abin da ake yanka a kai ma yana da tasiri. Katako ko allon roba ba sa cin kaifi, amma faranti, da tire, da siminti suna kashe shi. Daskararren nama kuma a bari ya saki kafin a sa masa wuƙa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya raba ɗanyen abinci da dafaffe cikin ƙa'idojinta biyar na tsaftar abinci. Wuƙar da ta yanka ɗanyen kaza, aka kuma yanka kabeji ko kokwamba da ita ba tare da wanki ba, tana iya kai ƙwayoyin cuta irin su salmonela cikin abincin da ba za a dafa ba. Don haka a wanke wuƙa da katako da sabulu da zarar an gama da ɗanyen nama, a goge su su bushe. Ta baƙin ƙarfe a shafa mata ɗan man girki, a mayar da ita kube, a ajiye inda hannun yara ba ya kaiwa. Wuƙar da ta sami irin wannan kulawa kan yi shekaru tana aiki, ta ga Sallah bayan Sallah ba a sake sayen wata ba.